Juji da Leda a Ƙauyukan Bakin Yankari

An keɓe gandun namun daji na Yankari, da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, kuma tun daga lokacin ƙauyukan da ke kewaye da shi, musamman Mainamaji inda babbar ƙofar shiga take, suka saba da yawon buɗe ido na muhalli, wato tafiyar da ake yi takanas domin ganin daji da namunsa da ruwansa.

A gidan manomi, shara ba abar yasarwa ba ce tun asali, domin toka da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da kashin awaki duk a juji ake tara su a bayan gida, su ruɓe, sannan gab da damina a ɗora su a mangala bisa jaki zuwa gona a matsayin taki. Leda ce ta ɓata wannan tsari, saboda ba ta ruɓewa, tana bin taki har gona ta hana ruwa ratsa ƙasa, akuya kuma idan ta haɗiye ta sai ta cushe mata tumbi ta yi ta ramewa. Baƙi na ƙara yawan ledar, tun da kowace motar ɗalibai kan zo da ruwan leda da robobin lemo, kuma ba duka ke komawa da su ba.

Sai dai gandun yana koyar da abin da wa'azin jami'an tsafta bai cika koyarwa ba. A sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi mai zafin kusan digiri 31, gwaggon biri kan kifar da duk kwandon sharar da aka bari a buɗe, ya yayyaga leda yana neman ragowar abinci, mugun dawa kuma ya biyo baya yana tono, ta yadda sakacin da aka yi da safe kan bayyana a fili kafin azahar. Mai shara ko mai dafa abincin da ya yi aiki a irin wannan wuri yakan koma gida da sanin amfanin murfi da ware ragowar abinci daga roba, ya kuma gane cewa abin da aka jefa a ruwan Wikki a kogin Gaji zai ƙare, inda giwaye ke sha.

Abin takaici shi ne wannan sani ba ya samun abin dogaro a ƙauye, inda motar kwasar shara ba ta zuwa, don haka matar da ta ware leda daga juji ba ta da zaɓi face ta ƙona ta, yara su shaƙi hayaƙin. Tun 2006 gandun ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi daga ta tarayya, saboda haka ita ya kamata ta fitar da wani kaso daga kuɗin shiga domin kwashe ledar waɗannan ƙauyuka.