Mene ne hoton zuciya na eko ga jarirai?

Eko sikanin ne na zuciya. Likita kan shafa man sikanin a ƙirjin jariri, ya ɗora 'yar na'ura mai aika sautin da kunne ba ya ji. Sautin kan dawo ya zama hoto mai motsi a allo. Babu zafi, kuma ana yinsa ko jaririn yana cikin kwalba.

Akan yi eko idan ana zargin gazawar zuciya, wato ta kasa tura jini gwargwadon buƙatar jiki. Alamunta a jariri, irin su saurin numfashi da zufa wajen shan nono, kan yi kama da na ciwon huhu. Eko ne ke nuna ƙarfin matsewar zuciyar, da hujin da ke bangonta idan akwai, da inda jini ke bi.

Bakwaini sun fi buƙatarsa. Akwai jijiyar da ya kamata ta rufe cikin kwana 2 zuwa 3 da haihuwa, amma a jikinsu takan ƙi rufewa, jini ya yi wa huhu yawa. Akan ba su ibuprofen ko paracetamol don ta rufe. Wani jaririn kuwa da jijiyar yake rayuwa, don haka idan eko ya nuna haka, akan riƙe ta a buɗe da prostaglandin har a yi masa tiyata.