Ɓarawon gero da ba ya fita sai dare

Manomin Bauranya, ko na kowane ƙauye tsakanin Kankiya da Kusada, ya san zangarniyar geron da aka yi wa zane a murɗe kamar an nannaɗe ta da igiya. Tsutsar da ta yi ɓarnar ma ya san ta. Uwar da ta haife ta ce ba kowa ya taɓa gani ba.

Wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ne na dare, masana na kiransa Heliocheilus albipunctella. Launinsa na ƙasa-ƙasa ne, irin na busasshen ganye, shi ya sa in ya lafe da rana sai ido ya wuce shi. Duk tsawon rani yana cikin ƙasa a dunƙule, ba ci ba motsi, sai kamar wata guda bayan saukar ruwan shuka ya fito, daidai lokacin da gero ke fidda kai. Macen ta bi dare ta zuba ƙwai a kan sabuwar zangarniya. Cikin 'yan kwanaki tsutsotsi su ƙyanƙyashe, su riƙa yanke ƙananan sandunan da ke riƙe da fure suna zagayawa. In sun ƙoshi su faɗo ƙasa su shige, sai kuma baɗi. Zuriya ɗaya ke nan a shekara, amma ta isa ta rage wa rumbu nauyi. Tun bayan farin 1972 zuwa 1974 ne ƙwaron ya zama annoba a yankin Sahel.

Feshi bai cika yin amfani ba, don tsutsar na ɓoye cikin zangarniya, kuma kuɗin magani ya fi ƙarfin mai gero. A Maraɗi, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Jamhuriyar Nijar, sun bi wata hanyar: wani mitsitsin zanzaro, Habrobracon hebetor, da ke harbin tsutsar ta sandare, ya saka ƙwansa a jikinta. Ana kiwonsa cikin ƙananan buhunan algarara tare da hatsi da tsutsar rumbu, a rataye a gonaki, shi da kansa zai bazu.

Tsakanin Katsina da Maraɗi ba nisa, geron ɗaya ne, ƙwaron ma ɗaya. Ya kamata malaman gona na KTARDA, hukumar raya aikin gona ta Jihar Katsina, su je su koyo, su kawo wa manoman Kankiya da Kusada kafin damina ta gaba.