Kumburi: Daga Ƙayar Gona Zuwa Sanƙarau

Duk manomin da ke ƙasar Sabuwa, ko Faskari, ko Ƙanƙara ya san abin da kan biyo bayan taka ƙaya. Kafin gari ya waye wurin zai tashi, ya ɗau zafi, ya dinga zogi, har tafiya ta gagara. Wannan shi ne kumburi, kuma aikin jiki ne da kansa, domin ta haka yake yaƙar abin da ya shigo masa, ya kuma gyara ɓarnar da aka yi.

Tun a ƙarni na ɗaya Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Selsus ya lissafa alamomin kumburi guda huɗu: ja, da tashin wuri, da zafi, da ciwo. Daga baya likitoci suka ƙara ta biyar, wato gaɓa ta kasa yin aikinta. Kowace alama da dalilinta. Da zarar ƙaya ta huda fata, sai wasu ƙwayoyin halitta da ke wurin su saki sinadarai, ciki har da wanda ake kira histamin. Su ne ke sa ƙananan hanyoyin jini su buɗe, jini ya kwararo da yawa, wurin ya yi ja da ɗumi. Bangon hanyoyin kuma yakan saki, ruwa ya tsattsafo cikin nama, wurin ya tashi. Matsin ruwan nan da sinadaran su ne ke taɓa jijiyoyi har mutum ya ji raɗaɗi. Yana da kyau ɗalibi ya lura cewa jan da littattafan Turai ke faɗa ba ya fitowa sosai a baƙar fata. Sau da yawa wurin duhu yake ƙarawa, ya riƙa sheƙi, don haka taɓawa da bayan hannu ta fi ido saurin gane shi.

Tare da ruwan ne fararen ƙwayoyin jini ke fitowa, su haɗiye ƙwayoyin cuta. Ƙaya ce ma ta tona wannan asiri. A 1882, a garin Masina na Italiya, masanin nan ɗan Rasha, Mecnikof, ya soka ƙayar fure a jikin ɗan tsakon wata halittar teku, washegari ya tarar da ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe. Binciken ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1908. Mugunyar da ke cikin maruru gawarwakin irin waɗannan mayaƙa ne, kaluluwar da ke fitowa a matsematsi kuwa sansaninsu ce.

Kumburi iri biyu ne. Akwai na gaggawa, mai zuwa cikin sa'o'i ya wuce cikin kwanaki, kamar na ƙaya da maruru. Akwai kuma mai daɗewa, wanda kan yi watanni ko shekaru yana cin jiki a ɓoye, kamar na tarin fuka, da ciwon hanta nau'in B, da amosanin gaɓoɓi. Shi wannan alamominsa ba su da hayaniya: kasala, da rama, da ɗan zazzaɓi mai zuwa yana komawa.

To, amma ƙafa tana da sararin da za ta kumbura. Ƙwaƙwalwa ba ta da shi, domin a rufe take cikin ƙoƙon kai. Idan ƙwayoyin cuta suka kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, jiki zai yi daidai abin da ya yi wa ƙaya, sai dai ruwan da ya taru ba shi da mafita, don haka sai ya danne ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne sanƙarau, kuma sunan da Hausawa suka ba shi ya dace ƙwarai, saboda wuya ne ke sanƙarewa.

Jihar Katsina tana cikin zirin ƙasashen da cutar ta fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Lokacinta rani ne, sa'ad da ƙurar hunturu da zafin bazara ke busar da hanci da maƙogwaro, ga kuma cunkoso a ɗakunan kwana, na gida da na makaranta. Da damina ta faɗi sai ta lafa. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A ƙarshen 2016 wata annobar ta ɓulla a Zamfara, maƙwabciyar Faskari da Ƙanƙara, ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi, ta kashe sama da mutum 1,000 kafin ta lafa a 2017. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Nijeriya a 2011 ya karya lagon nau'in A, amma na wannan karon nau'in C ne. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar.

A sanƙarau ja da tashin wuri suna can ciki inda ido ba ya kaiwa. Abin da malami ko uba zai gani shi ne zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da amai, da ƙin haske, da ruɗewa, da yaro ya kasa kai haɓarsa ƙirji. Jariri kuwa wuyansa ba lalle ya sanƙare ba. Maɗigarsa ce kan kumburo, ya ƙi nono, ya yi ta kuka ko ya yi laƙwas. Cutar tana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira kan fita da wata naƙasa, kamar kurumta. Maganin kashe zafi daga kemis yana iya saukar da zazzaɓin na ɗan lokaci, alhali ƙwayoyin suna ta hayayyafa. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ake bukata a asibiti a ranar da alamun suka bayyana, ko da kuwa za a ɗauki yaro daga Sabuwa zuwa babban asibitin Funtuwa.