Inda iska biyu ke karo a sararin Makka

Unguwar Aziziyya, wadda ke tsakanin Masallacin Harami da Mina, masauki ce ta dubban alhazai, kuma akasarinsu da zafi kaɗai suka san garin. Sai dai daga watan Nuwamba zuwa Janairu, yanayin kan sauya cikin 'yan sa'o'i.

A wannan lokaci ne guguwar da ke tasowa a tekun Bahar Rum kan nausa gabas, tana janyo busasshiyar iska mai sanyi daga arewa. A gabanta kuwa iska mai ɗumi ce ke kwararowa daga kudu, ɗauke da danshin Bahar Maliya. Iskokin biyu ba sa gaurayuwa nan take. Mai sanyin ta fi nauyi, don haka takan kutsa ta ƙasa, ta cicciɓa mai ɗumin sama, inda danshinta ke zama gajimare. Kafin wannan iyaka ta iso, gari kan ɗauki zafi da gumi. Tana wucewa sai iska ta juya, sanyi ya sauko, gari ya washe.

Barazanar tana tsakani. Duwatsun Makka ba sa shan ruwa, kwaruruka da tituna suke tura wa. A shekarar 1941 ruwa ya malale Harami, har wasu suka yi ɗawafi da iyo. Ranar 25 ga Nuwamban 2009 kuwa, yayin da alhazai ke fita Mina cikin ruwan sama, ambaliya ta hallaka mutane fiye da 100 a birnin Jidda.