Awarar Indonesiya: Yadda Na Sauya Wa Yarana Abin Taɓawa

Tun da nama ya yi tsada, awara ce ke rufa mini asiri a gida. Amma yau awara, gobe awara, har ƙaramin ɗana ya fara ture faranti. Wata maƙwabciyata da ta taɓa zama a Indonesiya ce ta ce mini, "Maman yara, ba awarar suka ƙi ba, suyar ce iri ɗaya kullum."

A can, "tahu" suke kiran awara, kuma da waken suya ake yin ta kamar tamu. Garin Sumedang da ke yammacin tsibirin Java ya yi suna wajen soya ta: waje ƙaras-ƙaras, ciki kamar rami. A watan azumi kuwa, yadda muke layin ƙosai, haka suke layin soye-soye a bakin titi kafin buɗa baki.

Sirrin farko shi ne jiƙo. Ki daka tafarnuwa da gishiri, ki dama da ruwa kaɗan, ki jiƙa yankakkiyar awarar kamar minti 20, don ɗanɗanon ya ratsa ta. Sannan ki tsane ta sosai. Ni ranar farko na yi gaggawa, na jefa ta a jiƙe, mai ya fantsamo mini a hannu. Har yanzu tabon na nan.

Wadda ta fi tafiya da yarana ita ce "tahu isi", wato awara mai ciko. Ki fara soya ta sama-sama, ki tsaga gefe ɗaya, ki ɗan rarake cikin. Ki cusa kabeji, karas da albasa mai lawashi da kika riga kika soya. Sai ki tsoma a kwaɓin fulawa da garin shinkafa da ɗan kurkum, ki saka a mai mai zafi. Garin shinkafar ne ke kawo ƙaras-ƙaras ɗin. Kar ki cika kaskon, in ba haka ba mai zai huce, awarar ta sha shi.

Su da ɗanyen koren barkono suke ci, a gutsuri awara a gutsuri barkono. Ni dai yajin ƙuli na ajiye a gefe.

Jiya yaron nan da ke ture faranti shi ya tambaye ni, "Umma, saura?"