GARKAR BAYAN ƊAKI: ABIN DA MASU SHUKA A GIDA SUKA KOYA DAGA BAZARA ZUWA KAKA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya abincin bayinsa a cikin ƙasa, ya kuma hore musu ruwa da iri. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku iyalai masu karatu, babu magidancin da bai san watannin da kuɗin cefane suke yi masa nauyi ba. Da zarar watan Afrilu ya kama, garaken rani na bakin Gulbin Maraɗi da Jiratawa da Mirriya sun fara naɗe tabarma, salati da shu da karoti sun ja baya, tumatir kuwa ya zama sai mai hali. A daidai wannan lokaci ne kuma hatsin rumbu yake yin ƙasa, sabo bai iso ba sai kaka. Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, kuma bayan na biyun ne gwamnatin Seyni Kountché ta ɗaga noman rani ya zama aikin ƙasa. Ƙarancin abincin 2005, wanda ya taɓa yara ƙanana ƙwarai a jihohin Maraɗi da Damagaram, ya sake tuna mana cewa yaro yana bukatar ganye a miyarsa kamar yadda yake bukatar tuwo. To amma noman rani na sanyi ne. Tsakanin bazara da kaka, abin da yake toshe wa uwargida wannan giɓi shi ne ƴar garkar da ke bayan ɗakinta.

Don haka muka zagaya wasu gidaje na ƴan ƙungiya, muka zauna da iyayenmu mata na makarantar dare da malamai da ƴan kasuwa masu shuka a gida, muka tattaro abin da suka gwada ya yi, da wanda suka gwada ya ƙi.

Bazara lokacin shiri ce

Bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa garkar damina tun a bazara ake yin ta. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, ƙaramin tsiro ba ya jure masa, saboda haka aikin wannan lokaci shi ne haɗa taki. Ana haƙa rami a kusurwar gida, a riƙa zuba kashin awaki da na kaji da toka da sharar tsakar gida wadda aka tsince ledar cikinta, a yayyafa ruwa, a juya bayan kowane sati biyu. Cikin wata biyu zuwa uku takin zai yi baƙi, warinsa ya tafi. Wata hajiya ta ja kunnenmu game da ɗanyen kashin kaji: ta ce zafinsa yana ƙone saiwa, duk wanda ya zuba shi a gindin tsiro kafin ya ruɓe zai wayi gari ya tarar ganyen ya yi yaushi.

Wanda yake da zogale ko barkono tun na bara, aikinsa shi ne ya tsallakar da su bazara da rai. Dabaru uku muka ji ana maimaitawa. Ta farko, a yi ban ruwa bayan sallar asuba ko kusa da magariba, domin ruwan tsakar rana iska da zafi ne suke shanye shi. Ta biyu, a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, ƙasa ta daɗe da laima. Ta uku, a binne tulun ƙasa marar fenti har wuya a tsakiyar shuka, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa. Ruwan yana tsatsowa a hankali ta jikin tulun zuwa ga saiwa, babu abin da ya zube a banza.

Ina za a samo ruwan, alhali ana sayen bido a hannun mai kura? Amsar da ta fi burge mu ita ce ruwan alwala. Gidan da mutum goma suke alwala sau biyar a yini, in aka ajiye kwano a wurin, ko aka ja ƴar kwata zuwa gindin zogale, an samu abin ban ruwa ba tare da ƙarin dala ɗaya ba. Wannan ruwa mai tsarki ne, haka ma ruwan wankin hatsi da na shinkafa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi alwala da mudu guda na ruwa, abin da bai kai lita ɗaya ba, sai mu ga cewa tattalin ruwa tarbiyya ce ta addini tun kafin talauci ya koya mana. Amma ruwan wanki mai yawan sabulu, da duk ruwan da ya haɗu da najasa, kada ya kusanci ganyen da za a ci.

Me za a shuka, kuma yaushe?

A nan ne masu garka suka rabu gida biyu. Wasu suna shuka da ruwan farko, kamar yadda manomin gero yake yi, don su riga kowa cin ɗanyar kuɓewa. Wasu kuma suna jira sai damina ta zauna a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, saboda sau da yawa ruwan farko yakan sauka sannan sama ta ɗauke har sati biyu, tsiron ya bushe, iri ya tafi a banza. Da muka auna maganganunsu sai muka ga kowa da gaskiyarsa: mai famfo ko rijiya a gida yana iya sammako, domin zai cike giɓin da hannunsa, wanda ba ya da su kuwa haƙuri ya fi masa, ya bari sai ƙasa ta jiƙa ta kai zurfin tafin hannu.

Kuɓewa ce sarauniyar garkar damina. Ana jiƙa irinta ya kwana a ruwa, a sa ƙwaya biyu ko uku a rami, tsakanin rami da rami kamu ɗaya, in sun tsiro a bar mai ƙarfi. Cikin wata biyu take fara ƴaƴa, kuma sirrinta shi ne a riƙa tsinka bayan kwana biyu ko uku, domin in aka bar ƴaƴan suka ƙosa a jikinta sai ta rage haihuwa. Alayyafo ya fi kowa sauri, sati uku zuwa huɗu an fara yanka. Irinsa ƙanana ne, shi ya sa ake gauraya shi da yashi kafin a watsa. Yakuwa da rama da lalo ba su da fitina, ana jera su a gefen fili. Kabewa kuwa a nuna mata rumfa ko danga ta hau, kada ta danne sauran.

Zogale ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda aka shuka da iri yana yin doguwar saiwa, ya fi jure fari; wanda aka dasa da reshe ya fi saurin ba da ganye. Kuskuren da ya yawaita shi ne barin sa ya miƙe sama kamar sanda. In ya kai tsawon mita ɗaya a datse kansa, zai yi rassa da yawa, ganyen ya tsaya inda hannu yake kaiwa. Ganyensa yana ɗauke da sinadarin ƙarfe da bitamin A, abubuwan da mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye suke bukata. Gindi biyar ko shida sun isa gida ya ci kwaɗo da dambu a kai a kai.

Game da tumatir, kusan duk wanda muka tambaya sai ya yi murmushi. Yakan yi ganye kore shar, ya yi fure, furen ya zube babu ɗa. Dalili shi ne zafin dare yana hana furen ɗaukar ciki, laimar damina kuma tana jawo masa cututtukan ganye. Shawarar gogaggu ita ce a bar shi sai damina ta juya baya, a yi renonsa a Satumba ko Oktoba, a dasa bayan sati uku zuwa huɗu, ya girma cikin sanyi. Gauta da barkono sun fi shi jure damina.

Mazauna gidan haya a Yamai da sauran birane, waɗanda tsakar gidansu siminti ce, su ma ba a bar su a baya ba. Mun ga buhunan shinkafa da tsofaffin robobi cike da ƙasa da taki, an huda gindinsu don ruwa ya fita, an jera su inda rana take samunsu aƙalla awa shida. Ranar da mai gida ya ce a tashi, sai a ɗora garkar a kura tare da sauran kaya.

Marka da abin da take zuwa da shi

Watan Agusta shi ne jarrabawa. Ruwan da aka roƙa ya zo, har ya nemi ya yi yawa. Kuɓewa da zogale ba sa son ƙafarsu cikin ruwa. In ya kwanta kwana biyu saiwa ta ruɓe. Shi ya sa ake shuka a kan kunya, a kuma buɗe wa ruwa hanyar fita. Kada a manna garka da katangar ƙasa, taka ko ta maƙwabci. Ambaliyar 2024, wadda ta rusa dubban gidaje a jihar Maraɗi, ta kuma kayar da tsohon masallacin Birni na Damagaram, ta nuna wa kowa abin da laima take yi wa ginin ƙasa. A bar taki biyu tsakanin shuka da bango.

Sai sauro. Cikin kwana bakwai zuwa goma ƙwansa yake zama sauro mai tashi, kuma ruwan da ke kwance a gwangwani ko tsohuwar taya ya ishe shi. Damina ce lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yaranmu. Bai kamata garkar da aka yi don lafiyarsu ta zama sanadin ciwonsu ba. A rufe duk randa da tano, a kifar da abin da ba a amfani da shi, a rage duhuwar da ta kusanci ɗakin kwana, yara su kwana cikin gidan sauro.

Ƙwarin shuka ma a wannan lokaci suke tasowa. Maganin da muka fi ji shi ne ƴaƴan dogon yaro: a daka busassu kimanin rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa su kwana, a tace da ƙyalle, a ɗan narka sabulu a ciki, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan sati. Mai masara ya riƙa leƙa tsakiyar ganyenta saboda tsutsar nan da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016. A ƙaramar garka ana cire ta da hannu. In kuɓewa ta tsumbure, aka tuge aka ga saiwarta ta yi ƙulle-ƙulle, to ciwon a ƙasa yake, kada a maimaita ta a wurin baɗi, a sa masara ko albasa. Muna kuma gargaɗi da babbar murya a kan maganin fiya-fiya da ire-irensa da ake sayarwa a kwalabe marasa takarda. Guba ce, ba ta da wuri a kan ganyen da za a tsinka gobe, ballantana a gidan da yara suke rarrafe.

Akuyar maƙwabci

Babu zaman da muka yi da ba a kawo ƙarar akuya ba. Aikin wata biyu takan cinye shi kafin a idar da sallar azahar, kuma mun san gidajen da aka daina gaisawa a kan haka. Shari'a ba ta bar wannan ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah (SAW) ya yanke lokacin da raƙumar Barra'u ɗan Azib ta yi ɓarna a gonar wani: tsaron shuka da rana yana kan mai ita, ɓarnar dare kuwa mai dabba ne zai biya. Saboda haka mai garka ya yi shinge na ƙaya ko kara ko tsohuwar raga, mai dabba ya ɗaure abarsa. In kuma ta faru, a tuna cewa kwandon kuɓewa bai kai darajar maƙwabtaka ba.

Kaka: ajiya da rabo

Idan yabanya ta yi kyau, gida ba ya iya cinye abin da garka take bayarwa. Kuɓewa ana yanka ta a shanya a rana. Ganyen zogale da yakuwa kuwa a inuwa ake shanya su inda iska take ratsawa, domin rana tana kashe launinsu da amfaninsu. Iri kuma daga gindin da ya fi lafiya da haihuwa ake barin sa, ya bushe a jikin uwarsa, a adana shi cikin kwalba da ɗan toka. Mun ga iyayenmu mata suna musayar iri a ƙullin tsumma bayan karatu, al'adar da ya kamata kowane reshe na ƙungiya ya raya.

Da yawa sun tambaya ko akwai zakka a kan wannan amfani. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, babu zakka a kan ganyaye da kayan marmari, ko da yake Imamu Abu Hanifa yana ganin a fitar daga duk abin da aka noma. Amma ƙofar sadaka a buɗe take. Ya tabbata a Buhari da Muslim daga Anas ɗan Malik cewa Musulmi yana samun ladan sadaka a kan abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukarsa. Ashe ko abin da akuyar nan ta ci bai faɗi ƙasa banza ba. To ina ga kwanon kuɓewar da aka aika wa gwauruwa mai marayu, ko damin zogalen da aka kai wa almajirai?

Muna kira ga magidanta su ware wa iyalinsu ko da taki huɗu ne na fili, su sa hannu a haƙar rami da shinge, kada a bar wa mata aikin su kaɗai. A ba kowane yaro gindi guda ya zama nasa, ya koyi jira da amana. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da kuɓewa da alayyafo, ya nemi iri da shawara a wurin wanda ya riga shi. Wanda kuma yake da wata dabara da ba mu ambata ba, ya miƙa ta ga wakilin ƙungiya na unguwarsa domin sauran ƴan'uwa su amfana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya, ya sa albarka a abin da hannuwanmu suka shuka. Amin.