Kundin Farashin Hannun Jari Da Yadda Ake Karanta Shi

Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san lamba ba ta magana sai an san ranar da aka rubuta ta da dalilin rubuta ta. Haka al'amarin yake ga kundin farashin hannun jari, wato jerin nan da kasuwannin Turai da Amurka ke ajiyewa na abin da aka sayar da hannu ɗaya na kowane kamfani kowace rana. A zamanin nan kundin yana hannun kowa, ana buɗe shi ta intanet kyauta, har samarinmu sun fara sayen hannun jarin ƙasashen waje ta wayar hannu. To, tun da kuɗin mutane ya shiga ciki, ya kamata malamai da akawuna, waɗanda su ake kai wa takarda a ce su duba, su san yadda ake karanta shi. Za mu ɗauki kamfani guda mai ƙera kayan asibiti, Medtronic, mu bi sawunsa.

A shekarar 1949 Earl Bakken da mijin 'yar'uwar matarsa, Palmer Hermundslie, suka buɗe wurin gyaran kayan lantarki na asibiti a cikin wani gareji a birnin Minneapolis na Amurka. A watansu na fari dala 8 kaɗai suka samu. Ran 31 ga Oktoba 1957 wutar lantarki ta ɗauke a birnin, alhali kuwa injin da ke daidaita bugun zuciyar marasa lafiya a lokacin da wutar bango yake aiki. Wannan ya sa wani likitan fiɗar zuciya, C. Walton Lillehei, ya roƙi Bakken ya ƙera masa wanda zai yi aiki da batir. Ya ƙera. Daga 1960 kamfanin ya shiga yin irin wanda ake dasawa cikin jiki, a 1977 kuma aka sa sunansa a babbar kasuwar hannun jari ta Niyu Yok, inda alamarsa ita ce MDT.

In ka buɗe kundin za ka ga kowace rana da layinta. Akwai farashin da aka buɗe kasuwa da shi, da mafi tsadar yini, da mafi arahar yini, da farashin da aka tashi a kai, sa'an nan yawan hannayen da aka yi cinikinsu. Ba za ka sami Asabar da Lahadi ba, ko ranakun hutu, gama kasuwa ba ta ci. Malaman lissafi za su ji daɗin sanin cewa kafin 2001 da gutsure ake rubuta farashi a can, a ce dala 45 da uku bisa takwas, sai a shekarar nan aka koma ƙirga da santi. Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne layin ƙarshe, wanda ake kira farashin da aka daidaita.

Ga dalilinsa. In hannu ɗaya ya yi tsada, kamfani yakan tsaga shi gida biyu, mai hannu ɗaya ya wayi gari da biyu, kowane kuwa rabin kuɗin na jiya. Ba wanda ya ƙaru, ba wanda ya ragu. Dattawa za su tuna ran 1 ga Janairu 1973, sa'ad da fam ɗaya ya zama naira biyu: wanda ke da fam goma a akwati ya tashi da naira ashirin, amma buhun geron da zai iya saya bai ƙaru da ko mudu ba. Medtronic ya yi irin wannan tsagi a 1994, da 1995, da 1997, da 1999. Ke nan wanda ya sayi hannu ɗaya a 1993, ya riƙe, a ƙarshen 1999 hannu 16 ke gare shi. Masu kundi sukan koma baya su raba tsofaffin farashi da 16, don layin ya tafi daidai. Saboda haka in ka ga kundi ya nuna 'yan daloli kaɗan a 1993, kada ka zaci haka aka saya a ranar. Wanda ya saya ya biya ninkin wannan sau 16. Wanda kuma ya ɗauko tsohuwar jarida ya ga farashin 1993, ya gwada da na yau ba tare da lissafin tsagi ba, zai ce kamfanin bai ci gaba ba, alhali kuskuren nasa ne.

Akwai daidaitawa ta biyu, wadda ta fi ta fari rikitarwa. Kamfanin yana raba wa masu hannu wani abu daga ribarsa sau huɗu a shekara, kuma ya yi shekara fiye da 45 a jere yana ƙara yawan rabon kowace shekara. A 2024 ya kai santi 70 kowane wata uku, wato dala 2 da santi 80 a shekara. Wasu kundaye sukan rage tsofaffin farashi duk lokacin da aka yi rabo, don mai dubawa ya ga amfanin da aka samu gaba ɗaya. Lambar da ke wannan layi ba a taɓa ciniki a kanta ba, kuma in ka dawo bayan wata uku za ka tarar ta sake. Tana da amfani ga mai son ya san ko jarinsa ya haihu. Amma mai rabon gado, ko mai fid da zakka, ko mai cika takardar haraji, farashin da aka tashi a kai a ainihin ranar shi ne nasa, tare da yawan hannayen da ke akwai a ranar.

Kada a ɗauki wannan wasan lissafi. A watan Yuni 2014 Medtronic ya ba da sanarwar zai sayi wani kamfanin kayan asibiti, Covidien, a kan kusan dala biliyan 43, ya kuma mai da mazauninsa na doka ƙasar Ayalan. Aka gama ciniki ran 26 ga Janairu 2015, aka musanya wa kowa tsohon hannunsa da sabo, ɗaya bisa ɗaya. Sai dai dokar Amurka ta ɗauki musanyar kamar sayarwa ce, don haka harajin riba ya hau kan masu hannu na can, ko da ba su karɓi ko santi ba. Wanda abin ya fi yi wa ciwo su ne tsofaffin ma'aikata da mutanen jihar Minnesota da suka saya tun da daɗewa da araha, domin haraji yana kan bambancin abin da ka biya da abin da hannun ya kai a ranar, ya kuwa haura dala 70. Dole kowa ya tono tsofaffin rasit da kundin farashi, ya bi tsagin nan ɗaya ɗaya, kafin ya san abin da ake binsa. Wanda ya yi sakaci da takardunsa ya sha wuya ƙwarai.

Yanzu mu dubi abin da layin kansa ke faɗa. Ran 15 ga Oktoba 2007 farashin ya faɗi fiye da kashi 10 cikin ɗari a yini guda, cinikin ranar kuma ya yi yawa ainun. Wanda ya ga irin wannan rami a kundi, aikinsa shi ne ya nemi labarin ranar. Abin da ya faru shi ne kamfanin ya dakatar da sayar da wata siririyar waya mai suna Sprint Fidelis, wadda ke haɗa zuciya da injin da ke farfaɗo da ita, don an gane tana tsinkewa cikin jiki; an riga an dasa kimanin 268,000. Kamfanin kayan asibiti ke nan: hukumar lafiya ta amince da sabon inji, farashi ya hau, a sami aibi a tsohon, ya sauka. Faɗuwar watan Maris 2020 kuwa iri dabam ce, gama annobar korona ta kayar da kasuwa duka, asibitoci kuma suka ɗage fiɗar da ba ta gaggawa ba. Shi ya sa ba a karanta kundin kamfani shi kaɗai; sai an aza shi kusa da ma'aunin kasuwa, kamar S&P 500, a ga ko ciwon nasa ne ko na gari.

Abin da ya fi ba ni mamaki a kundin nan ba faɗuwar yini guda ba ce. A ƙarshen 2000 hannu ɗaya yana wajen dala 60. A ƙarshen 2012 yana wajen dala 41. Tsakanin nan kuwa cinikin kamfanin na shekara ya tashi daga kimanin dala biliyan 5 zuwa biliyan 16, ya ninka uku ke nan. Duk rabon ribar da aka yi cikin shekarun bai kai dala 10 kan kowane hannu ba, bai cike gurbin ba. Ashe kamfani yana iya ƙiba mai hannu yana ramewa, in ya saya lokacin da kowa ke rububi har kuɗin ya wuce kima. Wanda ya saya a Maris 2009, da farashi ya sauko ƙasa da dala 30, shi labarinsa dabam, ko da yake kamfani ɗaya ne. An sake ganin irin haka kwanan baya: daga wajen dala 135 a Satumba 2021 ya gangaro zuwa wajen 70 a Oktoba 2023. Don haka in wani ya zo maka da zane mai hawa sama yana neman kuɗinka, tambaye shi daga wace rana ya fara zanen, kuma don me ya zaɓi ranar.

Saura magana guda wadda ta shafi mai saye daga Nijeriya, domin kundin da dala aka rubuta shi, shi kuwa da naira yake cefane. A tsakiyar 2015 hannu ɗaya yana wajen dala 75, dala kuma tana kimanin naira 197 a farashin gwamnati, wato naira 14,775. A tsakiyar 2024 hannun yana wajen dala 80, dala kuma ta kai wajen naira 1,500, wato naira 120,000. A lissafin naira kuɗin ya ninka takwas. A lissafin dala kuwa, cikin shekara tara, dala 5 ya ƙaru ban da rabon riba. Akawun da aka kawo wa irin wannan sai ya ja layi biyu a littafinsa, ɗaya na dala ɗaya na naira, ya rubuta canjin kowace rana a gefe, ya kuma cire ladan dillali da harajin da ake yanka daga rabon ribar kafin ya faɗa wa mai kuɗi abin da ya samu.